Fanfon Dado Bai Daina Ƙirga Ba

Da la'asar sakaliya Sabi'u ya hau babur daga Belbeji, ya nufi kwarin Tarka don ya ciro wata 'yar na'ura.

Aikinsa a buro, wato ofishin wata ƙungiya mai kula da ruwan dabbobi shi ne tattara bayanai. Kowane fanfo na da na'urar da ke aiko adadin ruwan da aka ja, kwamfuta ta haɗa su a tablo guda, wato jadawali. Layukan sun haura miliyan shida. Kafin tablon ya buɗe sai mutum ya shanye shayi zagaye uku, ga shugabarsu Madam Radiya za ta zo daga Damagaram jibi, da tablon za ta zaɓi fanfunan da za a gyara kafin rani.

Tun kafin wannan tafiya ya zubar da ginshiƙan tablon da ba a amfani da su, ya dunƙule tsofaffin shekaru wata-wata. Nauyin bai ragu ba. Da ya bincika, rabin layukan daga wuri ɗaya suke: fanfon Dado, wanda aka rufe shekara uku da suka wuce. Ya goge su, tablo ya buɗe nan take. Washegari sun dawo, har da ƙari.

Rana ta yi ja lokacin da ya isa fanfon Dado. Ba bukka, ba makiyayi. Kwamin shan ruwan cike yake da yashi.

Amma wurin warin ɗanyen kashin shanu yake.

Ya buɗe akwatin ƙarfen. Batirin ya kumbura ya fashe, gara ta cinye wayoyin. Lambobin da ke fuskar na'urar kuwa suna ta hawa.

Sai ya ji kurɓa. Baki da yawa, a cikin busasshen kwami. Ƙaho ya gogi ƙaho.

Ya waiga. Ba kowa. Yashi ne kawai ke lotsawa, sawun kofato ɗaya bayan ɗaya, suna kewaye shi.

Hannunsa na kan na'urar. Wani huci mai ɗumi ya sauka a ƙeyarsa.

"Malam," wata tsohuwar murya ta ce a hankali, "ba su gama sha ba."

Ya saki na'urar, ya ruga wurin babur.

Babur ya tashi a bugu na huɗu. Wani abu mai laushi, jiƙaƙƙe, ya lashi gwiwar hannunsa. Bai juya ba har ya hango fitilun Belbeji.

Kwana biyu ya yi da zazzaɓi. Madam Radiya ta tarar da tablo na buɗewa da sauri, don ya ware layukan Dado a wani fayil daban, bai sake goge ko ɗaya ba. Ta tambayi dalili, ya ce na'urar ce ta lalace.

Tun daga nan Sabi'u ya daina bi ta kasuwar dabbobi. In ya gifta garke, shanun sukan bar kiwo gaba ɗaya, su jeru a bayansa, su bi shi shiru har ƙofar gida.