Fayil Ɗin Ma'aikata Tara

Sufeton 'yan sanda ya ƙi zama. Kujerar da Daraktan gidauniyar kare haƙƙin ɗan Adam ya miƙo masa ma ko kallonta bai yi ba, sai kai-komo yake gaban durowar ƙarfe.

Fayil guda ya ɓace. A ciki akwai sunaye da shaidar ma'aikata tara da suka kai ƙarar wata masana'anta a asirce. Idan sunayen suka fita, kashinsu ya bushe.

"Ba a fasa kwaɗon ba," in ji Sufeto. "Wa ke da makulli?"

"Biyu ne, sai an haɗa su take buɗuwa," Darakta ya amsa. "Ɗaya nawa, ɗaya na Sakatariya. Nawa kan kwana a tebur, kuma ita ke shigar min ofis."

Sakatariya ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ranar Alhamis na kai mahaifiyata asibiti, na bar masa nawa!"

"Allah ya sawwaƙe," in ji Darakta. "Yaushe kika bar min?"

Sufeto ya ƙura wa Darakta ido. Mutumin ya cika natsuwa, shi kuwa ba ya son mai natsuwa a ranar da aka yi masa sata.

Ya buga wa Lauya waya, dattijuwar da ke kwamitin amintattu. Dokar gidauniyar ce a aika mata kwafin kowane fayil.

"Ban samu ba," ta ce. "Darakta ya kira ni ranar Laraba, wai ma'aikatan sun janye ƙararsu."

"Laraba? Kafin fayil ya ɓace?"

"Bari in zo da kaina."

Ta iso da takarda a hannu. Duk shekara kowane shugaba a gidauniyar yakan rubuta danginsa da inda suke aiki, don kada a ba shi ƙarar da ta shafi nasa. Darakta ne ma ya kawo tsarin, har aka tafa masa.

Sufeto ya karanta da ƙarfi: "Kawuna, manajan masana'anta." Ita ce masana'antar da aka kai ƙara. Ya ɗago kai. "Rubutunka ne?"

Darakta ya zube kan kujera.

"Shi ya riƙe ni tun ina maraya. Ya zo har gida yana kuka. Sufeto, ina zan sa kaina?"

"Sai ka sa kan yarinyar mutane. Ina fayil ɗin?"

"Yana but ɗin motata."

"Kawun naka ya ga sunayen?"

Darakta ya sunkuyar da kai. "Tun jiya."

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Ya yafito Sajen da suka zo tare ya sa wa Darakta ankwa.

Suna fita da shi, wayar ofis ta yi ƙara. Sakatariya ta ɗauka, ta saurara, ta dafe tebur.

"Ɗaya daga cikin ma'aikatan ne," ta ce. "Su tara suna tsaye a bakin get ɗin masana'antar. An karɓe musu katin aiki."