Kwalba Mai Roba Biyu

Da hantsin Talata karyar ta mutu. Insifekta Kowalchuk ya tarar da mai ita, Orval Friesen, tsoho makaho, zaune a kicin ɗinsa a garin Steinbach, yana laluben gefen kujera inda ba kowa. Shekara bakwai karyar, Tansy, ke masa jagora. In babu ita, sai gidan tsofaffi.

"Har yanzu ina jin faratanta a kan katako," in ji tsohon.

Likitar dabbobi ta ce zailitol ne ya kashe ta, abin zaƙin da ake sa wa masu ciwon suga a abinci. Mutum ya ci, iyakarsa gudawa in ya zarce. Kare kuwa sugansa ya faɗi, hanta ta lalace.

Orval ya ce kowace safiya yakan cusa maganin Tansy cikin markaɗen gyaɗa, daga kwalbar da aka ɗaura wa roba biyu don ya gane ta. Takardar jikin kwalbar ta ce gyaɗa da gishiri kawai. Gwaji ya nuna zailitol. Wani ya juye wata gyaɗar a ciki ke nan.

Marlys, 'yar tsohon, ita ke masa cefane. Ta rantse ba ta taɓa sayen markaɗen gyaɗa marar suga, mai zailitol, ba, ta ɗora wa maƙwabci. Maƙwabcin kuwa watansa guda a asibiti.

Alhamis ake kwashe kwalaben sake sarrafawa a layin Marlys. Kowalchuk ya riga motar kwashewar isa. A shuɗin kwandonta ya tsinci kwalbar marar suga, an ɗauraye ta tas, an ware murfin kamar yadda hukuma ta ce.

"Da a shara kika jefa, da tuni an binne ta," ya ce wa Marlys. "Amma ke mai bin doka ce."

Ta zauna kan matakala.

"Sau biyu na tsinci Baba kwance a ƙanƙara, Insifekta. Ya ce muddin Tansy na numfashi ba ya barin gidan nan. Gawarsa zan jira?"

Kowalchuk ya buɗe mata ƙofar baya ta motarsa.

Sun yi nisa kafin ta tambayi wa zai duba Baba yanzu.

"Sun ba shi ɗaki a gidan tsofaffi," ya ce. "Litinin zai koma."