Garin Kwalba a Filin Dambe

Tun hantsi bai dubi ludayi ba fataken Kuseri suka cika ƙofar barikin Jamus da ke Garwa. Sufeto Hayatu ya fito ya tarar da su kowa na magana, ba mai sauraron wani.

Babbansu, Mahamat, ya ce ɗan dambensu Kolo ya cika da safen nan. Jiya ya kara da Dawuda, zakaran mahautan Garwa, a filin bakin Binuwai. Dawuda ya tsaga masa gefen ido, jini ya ƙi tsayawa. Laifin duka suka ɗora wa alƙalin wasa, Baba Ilyasu. Sun ce ɗan gari ne, ya ga mugun wasa ya kau da kai, da ya ga Kolo na shirin kai Dawuda ƙasa kuma ya raba damben.

Baturen bariki bai tsaya dogon tunani ba. Ya sa aka kulle tsohon, ya ce in maganar ta tabbata za a tura shi aikin sarƙa na fursunoni, dambe kuma ya ƙare a Garwa.

Sufeto ya fara da gawar. Ya duba raunin da kyau, ya sa tsinke ya zaro wani abu ƙanƙane mai ƙyalli. Ɓarɓashin koriyar kwalba ne.

Daga nan ya wuce ɗakin da aka tsare Baba Ilyasu.

"Baba, ka duba hannun Dawuda kafin su shiga?"

"Yaro, dubi kuncina."

Tsohon ya juya masa fuska. Ya ce tun kafin Jamus su zo ƙasar nan, ba ɗan damben da ke shiga fili sai ya kama hannunsa da aka naɗe da kara, igiyar nan ta dambe, ya goga a kuncinsa da ƙarfi a gaban jama'a. In akwai cuta a hannun, shi za ta fara yanka. Sufeto ya duba, ko ƙwarzane babu.

"To me ya sa ka raba su?"

"Jinin da na gani ba na naushi ba ne."

Da Sufeto ya tambayi Mahamat, shi kansa bai musa ba. Ya ce lallai ya ga an goga, amma wa ya san abin da suka ƙulla a bayan fage?

A rumfar mahauta Sufeto ya sami Dawuda zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya rantse bai san komai ba. Abin da ya tuna kawai, da aka je hutu kawunsa Brahim, wanda ke ɗaura masa kara, ya shafa masa magani a hannu.

Brahim na gefe yana wasa wuƙa.

"Wane irin magani ne?" in ji Sufeto.

"Ƙaro ne da toka, ranka ya daɗe. Kowa na yi."

"Ina karan?"

"Na ƙone shi. Abin da ya taɓa jinin mamaci ba a ajiye shi."

"Yaushe ka ƙone?"

"Jiya, muna dawowa."

Sufeto ya san jiya Kolo na da rai. Ya kuma lura Dawuda ya ɗago kai yana kallon kawunsa, don ɗan dambe ba ya rabuwa da karan da bai faɗi da shi ba.

Yana fita ya ji hayaniya a bakin kasuwa. Achta ce, mai niƙa wa masu tsire yaji, ana dawo mata da kayanta. Wani ya ce yajin ya yanka masa harshe. Ita kuwa tana rantsuwa ba ta taɓa zuba ƙasa a yajinta ba.

Sufeto ya roƙe ta ta nuna masa dutsen niƙanta. Ya karkata shi ga rana. Cikin ƙananan ramukan dutsen, kore na ta ƙyalli.

"Inna, wa ya ari dutsen nan?"

"Brahim, shekaranjiya. Har na yi mamaki da ya dawo min da shi a wanke. Namiji da wanke dutse?"

Aka kawo Brahim ofis, aka aje dutsen a gabansa, Mahamat da Baturen na kallo. Brahim ya dubi dutsen, ya amsa laifinsa.

Ya ce bara a Bogo, Kolo ya tunkuyi ɗansa da kai a dambe ya karya masa muƙamuƙi. Alƙalin can ya gani sarai, amma ya ɗaga hannun Kolo. Har yau yaron kunu kawai yake iya sha. Shi ya sa ya niƙa kwalba ya kwaɓa da ƙaro, ya jira sai da Baba Ilyasu ya gama dubawa.

"Tabo na so in bar masa. Wallahi ban nufi ransa ba."

"Ka kuma yi shiru tsoho zai tafi sarƙa a madadinka," in ji Sufeto.

'Yan sanda biyu suka tasa shi gaba.

Da aka buɗe wa Baba Ilyasu, Mahamat ne ya fara tarar sa. Ya durƙusa ya nemi gafara, ya ce da bai raba damben ba, da a fili Kolo zai mutu, ba a hannun 'yan uwansa ana yi masa kalmar shahada ba. Tsohon ya ɗaga shi, ya yi masa gaisuwar rashi.

Sufeto ya ce Achta ya kamata a gode wa, ya kuma aika aka shaida wa masu tsire cewa ba laifinta ba ne.

Baba Ilyasu ya kama hannun Sufeto. Ya ja shi ya goga a kuncinsa da ƙarfi, yadda yake yi wa 'yan dambe, sannan ya juya ga mutanen da ke tsakar barikin.

"Na duba wannan," ya ce. "Babu cuta a cikinsa."