Kwaɗin Bayan Zango

Ranar Litinin da safe, a daminar shekara ta 2000, Hajiya Mariamu mai tuwo ta tarar da kududdufin bayan Zangon Agege ya yi tsit. Kwaɗin nan masu jan ciki, waɗanda wata malamar jami'a ta ce nan kaɗai suka rage a Ikko, babu ko ɗaya. Ga shi ranar Alhamis jami'an gwamnati za su zo dubawa. In sun gan su a bar wurin, in babu a cike shi a gina shaguna.

Hankalinta ya tashi matuƙa. A bakin ruwan nan ta yi wanki tana yarinya, lokacin da rabin Agege gonakin goro ne, kuma kukan kwaɗin nan ne kaɗai ya rage mata na wancan zamanin.

Ta fara da Ɗanjuma mahauci, mai zubar da ruwan yanka a kwata.

"Hajiya, da ruwana ne ya kashe su, ai da kin ga gawa," in ji shi.

Gaskiya ne. Babu gawa, ke nan da ransu aka kwashe su.

Sai Baballe dillalin filaye, mai kwaɗayin shagunan.

"Ni? Abeg, don Allah, Hajiya! Ni da na watsar da takalmina a masallaci na gudu saboda kwaɗo ɗaya?"

Unguwa duka shaida ce, har yau ana yi masa dariyar.

Ta koma bakin ruwan ta duba da kyau. Cikin taɓo ta tsinci faffaɗan ganye uku da guntun igiya mai ƙullin da ta sani tun a zauren mahaifinta. Ba ta zame ko'ina ba sai rumfar yayanta Alhaji Alu, tsohon fatake da ya tsufa a cinikin goro.

"Yaya Alu, ganyen naɗe huhun goro ne wannan. Mahauci zai zuba kwaɗin a bokiti, dillali zai turo a sa musu guba. Mai goro ne kawai zai naɗe abu cikin ɗanyen ganye, ya yayyafa masa ruwa don kada ya bushe a hanya."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Kwana shida ina tsintarsu bayan asuba. Na ga an kafa turaku a bakin ruwan, Mariamu. Zamanin soja haka suka yi wa gonar Baba, turaku yau, katafila gobe. Na kai su wani rafi a garin Ifo na sake su."

"Turakun na shinge ne, Yaya. Kare wurin za a yi in an ga kwaɗin."

Hawaye suka zubo masa.

Kwana biyu suna bin rafin Ifo da kwando, tsofaffi biyu cikin taɓo har gwiwa, ba su kama ko ɗaya ba, ko da yake sun ji kukansu a cikin ciyawa. Ranar Alhamis jami'ai suka zo, suka rubuta abin da suka gani. Ranar Asabar tifar yashi ta farko ta iso bakin kududdufin, Mariamu na tsaye a gefe. Ba ta taɓa gaya wa kowa sunan ɓarawon ba.