Yumɓun Gindin Dam

A zamanin da jirgin ƙasa ke cika tashar Minna da fasinjoji, an yi wata yarinya 'yar aji huɗu a Maitumbi. Tana da ƙoƙari, sai dai ba ta ƙaunar a yabi wani a gabanta.

Ran nan a darasin aikin hannu, Malama Rahmatu ta sa kowa ya gina tukunya da yumɓu. Da aka gama, ta ɗaga ta wata yarinya mai suna Esta.

"Ku duba! Sumul, ko tsaga babu."

Ta yarinyarmu kuwa ta karkace kamar an zauna a kanta. 'Yan aji suka kwashe da dariya. Kishi ya turnuƙe ta, har ta kasa cin abincin rana.

"Wai Esta! Ba iyawa ba ce," in ji ta a ranta. "Yumɓunta ne ya fi nawa kyau."

A bayan unguwarsu akwai wani tsohon dam, ɗan ƙarami, mai bangon ƙasa. Da ruwansa ake shayar da lambuna da rani. Lambun albasar babanta yana ƙasa da bangon. Ya sha gaya mata, "Kada ki taɓa bangon nan. Ya tsufa, ƙasar ce kaɗai ke riƙe da ruwan."

Amma a gindin bangon akwai wani wuri mai laushi, kullum a jiƙe. Nan ta nufa da 'yar fartanya, neman yumɓu mai kyau. Ta haƙa, ta cika kwano. Ta ƙara haƙawa, wai don kada Esta ta zo ta samu!

Sai ga jan ruwa yana tsattsafowa daga ramin. Ta cusa ciyawa a ciki, ta ruga gida, ta yi gum.

Da la'asar ta ji Baba yana ce wa Inna, "Gobe za mu cire albasa. Ki goyo Auta, mu wuni a lambu."

Auta a ƙarƙashin bangon nan? Ta fashe da kuka.

"Baba, kada ku je! Na haƙa bangon dam. Ruwa yana fita."

Baba bai tsaya faɗa ba. Ya fita a guje yana kiran maƙwabta. Suka tarar ramin ya yi faɗin bakin tulu, ruwa yana ta cin ƙasa. Maza suka yi ta jido duwatsu da buhunan yashi. Da ƙyar suka toshe shi kafin magariba.

Baba ya dawo duk taɓo.

"Rabin albasarmu ya bi ruwa," ya ce. "Amma da kin ci gaba da shiru, da mu ne za mu bi shi gobe. Me ya kai ki?"

Ta sunkuyar da kai. "Na so in fi Esta ne, Baba."

Washegari ta gaya wa Esta komai, cikin kunya. Esta ta riƙe baki.

"Kai! Ai yumɓun bayan makaranta na ɗiba, irin naki. Kakata ce ta koya mini cuɗawa. Ki zo gidanmu ran Asabar, za ta koya miki."

Ta je kuwa, ta dawo da tukunya mai tsayawa da gindinta.

Tun daga ranar ta gane cewa ba a haƙa bangon dam, komai ƙanƙantar ramin. Kuma in wani ya fi ka iya abu, tambayarsa ake yi, ba kishi ba.