Hantsakin Inna Barira

A shekarar da rijiyoyin Droum suka ƙafe, Inusa, anfarme, wato ma'aikacin jinya, a asibitin ido a Damagaram, ya ɗaga kai ya ga Lubabatu riƙe da hannun mahaifiyarta, Inna Barira. Shi ke nan, bawan Allah ya mance sunan maganin da ke hannunsa.

Ciwon amodari ya ci idon Inna Barira. Ruwan sha ma da ƙyar, balle na wanke fuska. Gashin idon ya juya ciki yana sukarta, kullum safiya Lubabatu ke cire mata shi da hantsakin da ke rataye a wuyan tsohuwar. Aikin ido kuwa, Inna ta rantse ba mai kai mata wuƙa.

Inusa ya mai da hanyar Droum tasa, wai duba marar lafiya. Luba ta ce ai ita lafiyarta ƙalau, ya ce shi ne ba lafiya. Kawunta ya amince da aure, Inna ta ƙi. In Luba ta tafi, wa zai cire mata gashi?

Wata rana Inna ta tambaye shi abin da ya sa ciwon ke da naci.

"Inna, jiki ƴan ƙananan ɗakuna ne masu rai. In cuta ta shiga ɗaya, yakan kashe kansa don sauran su tsira. Ƙwayar amodari kuwa hana shi mutuwa take, ta riƙe shi tana ci tana hayayyafa."

Kashegari saƙon Luba ya shigo: "Likitana, Inna ta ƙi abinci, ta hana ni taɓa idonta. Me ka faɗa mata? Ina tsoro."

Hankalin Inusa ya tashi, ya ɗauka ya rasa Luba.

Ran kasuwa sai ga Inna a ƙofar asibiti, ta shigo mota ita kaɗai, ido na zuba.

"Ɗan ɗakin da ba ya da hankali ya san ya haƙura don ƴan'uwansa," in ji ta. "Ni da furfurata in riƙe yarinya don tsoron wuƙa? Yi aikinka, ɗana."

Inusa ya yi mata aikin, idon ya sami sauƙi.

Ranar biki Inna ta ga lallen hannun Luba da idonta, ta yi kuka. Ta kwance hantsakin daga wuyanta ta danƙa wa ango.

"Ka raba ni da wannan, na ba ka waccan. Allah Ya yi muku albarka, Ya sauko mana da ruwa."