Bandeji a Ƙafar Auta

Kwana tara ke nan tana zaman bara ƙarƙashin gada, hannunta na dama a kan cinya, ba mai tsayawa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana wanki a otel kafin injin matse kaya ya cinye mata yatsu huɗu, aka sallame ta. Wata biyu bayan nan mijinta ya rasu. Abin da ya rage mata shi ne 'yarta Auta mai shekara biyar, da halin da ta kasa bari: ba ta iya fita da dauɗa a jiki. Da hannu ɗaya take wanke musu kaya.

Tsaftar nan ce ta zame mata laifi. Mutane su dube ta, su dubi Auta tas da ita, su wuce su jefa wa na gaba. Wata mata har tsayawa ta yi, ta ce mata ta ji tsoron Allah, mai riga irin tata ba ta da bakin roƙo...

Ƙanin mijinta, wanda Auta ke kira Baffa, shi ya sayar da gidan marigayin, ya zuba su a ɗakin ajiya bayan shagonsa, kuma shi ke karɓe ɗan abin da ta samo. Ran nan ya shigo da tsummoki masu warin baƙin mai, da reza a aljihu.

"Matar Yaya, mutane da ido suke jin tausayi, ke kuma kin ƙi ba su abin kallo."

Ta durƙusa, ta haɗa shi da Allah da kabarin ɗan'uwansa. Ya ce ƙofa a buɗe take, ta tafi, amma yarinya jininsu ce, tana nan. Ina za ta? A gabanta ya yanki ƙwaurin Auta, ya naɗe da tsohon bandeji, yarinyar na ihu tana miƙo mata hannu.

Washegari aka yi ta tsayawa. Waɗanda jiya suka kau da kai, yau har addu'a suke yi musu, ita kuwa duk abin da ya faɗa tafinta ji take kamar garwashi. Cikin mako guda ƙafar ta kumbura, ta soma ɗoyi, zazzaɓi ya hana Auta ko kuka. Baffa ya hana a kwance bandejin, wai yanzu ne ma ta yi kyau, kuma kullum yana tsallaken titi yana gadinsu.

Wata nas da ta taso aiki ta sunkuya za ta ba da sadaka, warin ya doke ta. Ta warware bandejin, ta ga yankan a miƙe, ta ɗago ido.

"Baiwar Allah, wannan ba faɗuwa ba ce. Wa ya yanke ta?"

Uwar ta hango Baffa yana harararta, ta sunkuyar da kai. Nan da nan aka taru, ana tsine wa uwar da ta yanki 'yarta don bara. Wani har ya tofa mata yawu. Ta rufe ido, hawaye na zuba, ta ce a ranta ya Allah, Kai ne shaida!

Sai ga muryar Auta can ƙasa-ƙasa: "Ba Mama ba ce... Baffa ne. Ga shi can."

Bai kai kwana ba 'yan sanda suka kama shi. A gaban alƙali maganar gidan ma ta fito, aka ƙwato wa marainiya haƙƙinta, shi kuma aka ɗaure shi shekaru. Nas ɗin ta tsaya tsayin daka har aka ɗauki uwar aikin ba da kati a asibitin da aka kwantar da Auta.

Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, sai an yanke ƙafar. Ranar da Auta ta sauko daga gado, ta dafa bango, ta taka ɗaya, biyu, ta saki, ta nufo uwarta tana ɗingishi tana dariya, uwar ba ta iya jira ba. Ta zube a tsakiyar ɗakin, ta rungume ta, tana kuka tana gode wa Allah, har sauran majinyata suka taya ta.